Shugabata Ta Rubuta Cewa Ni "Rough" Ce: Zagi Ne Ko Yabo?

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na yi shekara tara ina aiki a gida kafin Allah ya nufe ni da zuwa Ingila, inda yau wata goma sha huɗu ke nan nake aiki a sashen tsofaffi na wani asibiti. Makon jiya aka ba ni takardar auna ƙwazo ta shekara, wadda shugabar sashenmu, wata Baturiya da ta girme ni, ta cike. A ciki ta rubuta cewa: "She is a rough diamond, very safe clinically, but a little rough around the edges with relatives." Tun da idona ya faɗa kan kalmar "rough" har sau biyu a jimla ɗaya ban ƙara yin barci mai daɗi ba. Na tuna malaminmu na aji huɗu, wanda yake rubuta wannan kalma da jan biro a littafin duk yaron da ya yi ƙazanta, ya kuma bi shi da bulala biyu. Ni kuwa ko a gida an san ni da tsabta, kayan aikina kullum a goge suke, ban kuma taɓa zagin majiyyaci ko ɗan'uwansa ba. Maigidana, wanda ya bar aikin koyarwa ya biyo ni, yanzu kuma yake ɗaukar kaya a wani ɗakin ajiya, ya ce wannan wariyar launin fata ce tsagwaronta, in kai ƙararta ko in ajiye musu aikinsu. Wata abokiyar aikina 'yar Ghana kuma dariya ta yi, ta ce yabo ne, in je in yi godiya. Kwana shida ke nan ba na gaishe da shugabar, idan mun haɗu sai in kau da kai. Ranar Alhamis mai zuwa za mu zauna in sa hannu a takardar. Don Allah Anti, mene ne ainihin ma'anar wannan kalma, kuma yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jan biron malamin aji huɗu. Kalma ɗaya ce Baturiyar ta rubuta, amma ke biyu kika karanta: wadda ke kan takardar, da wadda kika taho da ita tun daga firamare tare da zafin bulalarta. Ban ga laifinki ba a kan haka, domin duk wanda ya yi makarantar boko a ƙasarmu haka ya fara sanin wannan kalma. A Turancin da muke yi a Nijeriya, idan aka ce yaro "rough" ne ana nufin ƙazami, mai yagaggen littafi da riga ba maɓalli. Idan aka ce direba ne, ana nufin mai gangancin tuƙi, idan kuma a filin ƙwallo ne sai ki ji ana ihu an yi wa wane raf. Da wuya mu ji ta a wurin da ba na tsawatarwa ba. Saboda haka ciwon da kika ji na gaske ne, sai dai kafin mu yanke wa matar nan hukunci ya kamata mu duba kalmar a bakin masu ita.

Asalinta ba shi da alaƙa da datti ko kaɗan. A tsohon Ingilishi ana rubuta ta "ruh", ana kuma siffanta fatar dabba mai gashi da ita, ko tufa mai kaushi, ko ƙasar da ba a gyara ba, kuma Jamusawa har yau suna da 'yar'uwarta, "rau", da ma'anar kaushi. Haruffan nan biyu na ƙarshen "rough", wato "gh", da suke wahalar da ɗalibai, a da ana furta su daga maƙogwaro kamar yadda ake furta harafin kha na Larabci, daga baya furucin ya koma "f" rubutun kuma ya tsaya yadda yake. Tushen ma'anar dai shi ne abin da hannu zai shafa ya ji bai yi sumul ba. Mu ma haka muka yi da kalmar kaushi: muka ɗauko ta daga dunduniyar ƙafa a lokacin hunturu, muka kai ta kan hali da harshe, har muke cewa an yi magana da kakkausar murya. Bambancin shi ne Bature ya miƙa tasa kalmar ta yi nisa fiye da tamu, ta yadda Bahaushe yana bukatar kalmomi da yawa kafin ya rufe wuraren da ita kaɗai take shiga. Idan ta zauna kusa da hanya gargada ce. Idan kusa da teku ce, to igiyar ruwa ta tashi. Kusa da lissafi kintace ne, kusa da rubutu kuwa daftarin farko ne wanda ba a tace ba. A nan Ingila da kike za ki ji abokiyar aiki ta shigo da safe tana cewa "I feel rough", ita jikinta ne ba daɗi, za ki kuma ji ana cewa wani yana "sleeping rough", wato ba shi da matsuguni, a titi yake kwana. Babu wanda zai iya gaya miki ma'anarta sai ya ga kalmar da take jingine da ita.

To, da me ta jingina a takardarki? Da lu'ulu'u. "Rough diamond" shi ne daiman kamar yadda aka tono shi daga ƙasa, kafin a yanka shi a goge shi, kuma wanda bai sani ba zai iya ɗaukarsa tsakuwa ko fasasshen gilashi. Mafi shahara a cikinsu shi ne Cullinan, wanda aka tono a wata mahaƙa kusa da Pretoria a Afirka ta Kudu a shekarar 1905, nauyinsa karat 3,106, wato ya haura rabin kilo. An ba Sarki Edward na Bakwai shi kyauta a 1907, aka kai shi Amsterdam aka yanka a 1908, aka fitar da manyan duwatsu tara, kuma mafi girmansu, mai karat 530, yana kan sandar sarautar Ingila har gobe. Daga wannan sana'a Turawa suka aro maganar suka ɗora wa mutum. Idan suka kira wani da wannan suna, suna nufin darajarsa ta gaskiya ce, zuciyarsa da aikinsa masu kyau ne, amma mu'amalarsa ba ta gogu ba tukuna. Amurkawa sukan juya ta su ce "diamond in the rough", ma'anar dai kusan ɗaya ce. Magana ta biyun, "rough around the edges", ƙanwar ta farko ce: abu ya yi, sauran gefe-gefensa. Ki tuna turmi a hannun masassaƙi bayan ya gama da gizago, siffa ta fito, rami ya yi zurfi, ko yau aka zuba gero za a daka, amma idan kika shafa bakinsa za ki ji sawun ƙarfe, domin bai bi shi da magagari ba. Abin da ta ce game da ke ke nan, ta kuma faɗi wurin da take ganin sawun gizagon, wato wajen magana da 'yan'uwan majiyyata.

Na ga kin wuce tsakiyar jimlar da gudu, alhali nan ne nauyinta yake. "Very safe clinically" na nufin cewa idan aka bar majiyyaci a hannunki hankalin kowa a kwance yake: ba ki kuskuren magani, kina lura da sauyin jikin tsoho tun kafin abu ya yi nisa, rubutunki na aiki daidai ne. A bakin shugabar sashe a asibitin Ingila wannan ba ƙaramar shaida ba ce, domin rashin wannan siffa shi ne yake kai ma'aikaciyar jinya gaban hukumar da ke riƙe da rajistarta. Shugabar da ke son ta ga bayanki ba za ta rubuta wannan da hannunta ta ajiye a fayil ɗinki ba.

Duk da haka ba zan bi abokiyarki 'yar Ghana har ƙarshen hanya ba. Yabo ne, amma yabo ne mai ɗauke da gyara a cikinsa, kuma Turawan Ingila sun ƙware wajen naɗe gyara a cikin yabo har baƙo ya rasa wanne zai riƙe. Idan kika je kika yi godiya kika tashi, kin ɗauki zuma kin bar saƙon, kuma baɗi za ki sake ganinsa a takarda da kalmomi masu zafi fiye da waɗannan. Haka kuma ba zan ce maigidanki ya yi magana a banza ba. Kalmar tana da fuska mummuna a Ingila, wadda ya yiwu ya ji ta a wurin aikinsa. Idan suka ce unguwa "rough" ce, suna nufin unguwar talauci da 'yan daba. Idan kuma suka ce mace "rough" ce, haka kawai ba tare da wani ƙari ba, to raini ne na masu hali ga marasa hali, kusa da abin da mu za mu ce 'yar tasha. Ban da wannan, shi kansa kwatancen lu'ulu'un yana da ɗan ɗaci idan aka yi wa mace mai shekara goma a bakin aiki, domin mai faɗinsa ya ɗora kansa a matsayin magogi, ke kuma ɗanyen dutsen da aka tono daga wani wuri. Mutumin da ya bar allo da alli ya koma ɗaukar kwali saboda matarsa ta ci gaba, kunnensa zai yi saurin jin irin wannan, kuma ina ganin fushinsa rabi na kishinki ne, rabi na abin da shi kansa yake haɗiyewa kullum bai gaya miki ba. Ki saurare shi da tausayi, ki gode masa, amma ki tuna cewa hukuncinsa a kan jimla ɗaya ya tsaya, ke kuwa kin yi wata goma sha huɗu da matar nan, kin san yadda take raba aiki da hutu, kin san ko tana tsaya miki idan likita ya ɗaga miki murya.

Akwai wata hanya ta auna niyyar marubuci, ita ce duba kalmomin da ke gabansa ya ƙi ɗauka. Da tana son ta ce ba ki da ladabi, "rude" tana nan. Da tana son ta ce kina gallaza wa mutane, da ta ce "harsh". Da rashin tarbiyya da ashar take nufi, "coarse" ko "crude" ne makamanta, kuma waɗannan su ne zagi na sosai. Duk ta bar su ta ɗauki wadda take nuna abin da ake iya gogewa, ta kuma sa mata "a little" a gaba. A ganina kalmar da ta dace ta rubuta ita ce "abrupt", wato mai gajerar magana wadda ba ta da shimfiɗa, kuma da ta yi haka da ta hutar da ke kwana shida na rashin barci. Kuskurenta shi ne ta yi amfani da salon magana na cikin gida a takardar hukuma, ga ma'aikaciyar da ba a nan ta tashi ba, ba tare da ta kawo misali ko ɗaya ba. Wannan kuskure ne na gaske, kina kuma da hakkin ki nuna mata shi.

Bari in gaya miki abin da nake zato ya faru, ki auna shi da abin da kika sani. Ladabin Bahaushe yana zaune ne a gaisuwa, da murya, da wasu ƙananan kalmomi da ba ma lura da su. Idan kin je gwada jinin wata dattijuwa a gida, za ki ce, "Sannu Iya, ya ƙarfin jiki? Ɗan miƙo mini hannun nan." Wannan "ɗan" shi kaɗai ya mayar da umarni roƙo, ga kuma "Iya" da ta ba ta girmanta. Idan kika juya wannan magana zuwa Turanci a cikin kanki, kina sauri, ƙararrawar gado uku tana kira, "Iya" ta faɗi domin ba a kiran baƙuwa uwa a can, "ɗan" ya faɗi domin ba shi da takwara, abin da ya rage shi ne "Give me your hand." A zuciyarki kin yi magana mai laushi, a kunnen 'yar tsohuwar da ke zaune a gefen gado kuwa soja ne ya ba da oda. Su nasu ladabin a cikin ginin jimla yake. Ba sa cewa ka zauna, sai su tambaye ka ko za ka so ka zauna. Ba sa cewa lokacin ziyara ya ƙare, sai su ce suna tsoron cewa lokaci ya kusa. Ki kwatanta ɗan wani dattijo ya tare ki a baranda da ƙarfe takwas na dare, ido ya yi ja, yana tambayar dalilin da ya sa ba a sallami mahaifinsa ba, ke kuma kina riƙe da tiren magani kika ce, "Wait, I am coming." A gida wannan magana ce ta yau da kullum, kowa ya san ina zuwa na nufin yanzu zan dawo. Shi kuwa ya ji an ce masa dakata, an kuma juya masa baya. Washegari ya gaya wa shugabar sashe cewa nas ɗin nan ta iya aiki amma ba ta da fara'a. Biyu ko uku irin wannan sun isa su haifar da jimlar da kika gani, ba tare da kin yi niyyar ɓata wa kowa rai ba, ba kuma tare da ita ta yi niyyar wulaƙanta ki ba.

Abu na farko da nake so ki yi ba ya jiran Alhamis: gobe da safe ki gaishe ta. Kwana shida na kau da kai sun fi jimlarta yi miki illa, domin mace ta rubuta cewa mu'amalarki tana da ɗan kaushi, ke kuma kin shafe mako kina kafa mata hujja. Ba sai kin yi mata doguwar hira ba, gaisuwa da sakin fuska sun isa. Mu da muka taso a gidajen da ko an yi faɗa da dare sai an gaisa da safe, bai kamata a ce a wannan fanni aka same mu da gazawa ba.

Sannan, tun da ba a fafe gora ranar tafiya, ki zauna kafin ranar ki rubuta abin da za ki faɗa a 'yar takarda, domin wanda ransa ya ɓaci Turancinsa yakan gudu ya bar shi. Ki fara da gode mata a kan shaidar da ta yi wa aikinki, da gaske ba da gatse ba. Daga nan ki gaya mata, cikin murya mai sanyi, cewa a Turancin da kika taso da shi wannan kalma tana nufin ƙazanta da sakaci, kuma ta yi miki zafi da kika gan ta. Ina kyautata zaton za ki ga fuskarta ta canza, domin da wuya ta san haka. Sai ki roƙe ta misalai: wace rana, da wane iyali, me kika ce, me take ganin ya kamata ki ce. Wannan tambaya ita ce zuciyar zaman gaba ɗaya, domin amsarta ce za ta raba miki gardamar maigidanki da abokiyarki. Idan ta kawo misali biyu ko uku, ki rubuta su a gabanta, kada ki tsaya kare kanki a kan kowanne, ko da kina ganin an yi miki rashin adalci a ɗaya. Ki nemi ta sauya siffar da ta yi miki da bayanin abin da za a gyara, misali a rubuta cewa za ki ƙara yi wa iyalai bayani kafin ki bar su, tare da lokacin da za a sake dubawa. Takardar auna ƙwazo takan bi mutum zuwa neman ƙarin girma ko sauyin sashe, magana kuwa zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta. Idan ta ƙi sauyawa, irin waɗannan takardu yawanci suna da gurbin da ma'aikaci yake rubuta nasa ra'ayin, sai ki rubuta jimla uku masu tsabta: kin karɓi shaidar ƙwarewa, kin nemi misalai, ga abin da kuka amince za a yi. Idan kina jin ba ki shirya sa hannu a ranar ba, ki nemi a ba ki kwana biyu ki sake karantawa, wannan roƙo ne da ba ya ba kowa mamaki a can.

Game da gogewar kanta, ba sai kin shiga wata makaranta ba. A kowane sashe akwai nas ɗaya wadda iyalai suke nema da suna. Ki gano ta, ki roƙi a haɗa ku aiki na 'yan kwanaki, ki kasa kunne ki ji yadda take buɗe magana da yadda take rufe ta. Za ki tarar jimloli biyar ko shida ne take juyawa: tana faɗin sunanta, tana faɗin abin da za ta yi kafin ta taɓa mutum, idan za ta tafi tana faɗin minti nawa za ta yi ta kuma dawo a kan lokacin. Ki haddace su kamar yadda kika haddace sunayen magunguna. Ladabin kina da shi tun daga gida, tufafin da zai sa a wannan ƙasa ne kawai za ki ɗinka masa.

Amma ina so ki riƙe wani abu daga labarin Cullinan wanda masu son kwatancen ba su cika ambata ba. Lokacin da aka gama yanka shi da goge shi, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa ya tafi. Gogewa tana cin jiki, saboda haka ke ce za ki zaɓi gefen da za a bi da magagari. Gajerar maganar da ta ɓata wa ɗan dattijon nan rai a baranda, ita ce dai take sa ki ɗaga waya da ƙarfe uku na dare ki ce wa likita ya zo yanzu, ba tare da kewaye-kewaye ba, lokacin da numfashin majiyyaci ya canza. Na tabbata wannan yana cikin abin da ya sa ta kira ki mai aminci a aiki. Ki tausasa harshe ga iyalai, waɗanda tsoro ne ya kawo su, amma kada ki koyi rarrashi a wurin da rai yake bukatar a yi magana kai tsaye.

Saura ɗaya fuskar, domin ba zan ɓoye miki cewa maigidanki yana iya zama mai gaskiya ba. Idan kika nemi misali ta rasa ko ɗaya, ko ta koma maganar lafazinki da yadda mutanenku suke, ko kika lura cewa baƙaƙen fata da sauran baƙi ne kaɗai ake yi wa irin wannan siffa alhali 'yan ƙasa masu gajerar magana ana kiransu masu ƙwazo, to magana ta canza. A wannan hali ki fara ajiye rubutu: rana, wuri, abin da aka ce, da wanda ya ji. Ki nemi wakilin ƙungiyarku ta ma'aikata, ko Royal College of Nursing ce ko Unison, ki nuna masa takardar kafin ki ɗauki wani mataki. Dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambanci a wurin aiki saboda launi ko ƙasar asali, akwai kuma hukumar Acas da ke ba ma'aikata shawara kyauta a kan irin wannan saɓani. Ƙorafi a rubuce yana da ƙarfi ne idan ya tsaya a kan abubuwa da dama da suka maimaitu. Idan kika kai shi yau a kan jimlar da ta kira ki lu'ulu'u ta kuma yaba aikinki, wanda zai karanta Bature ne da ya san salon maganar tun yana yaro, zai rufe fayil ɗin, ke kuma kin ɓata harsashinki tun kafin ranar bukata.

Ajiye aiki kuwa ki cire shi daga lissafi a yanzu. Idan da bizar ma'aikatan lafiya kika shiga, zamanki yana rataye ne da asibitin da ya ɗauki nauyinki, zaman maigidanki kuma yana rataye da naki, kuma wanda ya bar aiki ba tare da ya sami wani mai ɗaukar nauyi ba yawanci kwana 60 ake ba shi. Idan ma daga baya kika ga zama da matar nan ba zai yiwu ba, neman sauyin sashe a cikin asibitin ya fi sauƙi, neman wani asibitin kuma ana yin sa ne mutum yana kan aikinsa, da takardar shaida mai cewa shi "very safe clinically" ne a hannunsa.

Shi kuma maigida, kada ki je masa da cewa Anti ta ce ba ka da gaskiya. Ki zaunar da shi bayan ya ci abinci ya huta, ki nuna masa jimlar gaba ɗayanta, ku karanta tsakiyarta tare, tun da malami ne zai gane. Ki gaya masa cewa ba ki yar da maganarsa ba, kin dai sa ta a mataki na biyu, kuma tambayar da za ki yi ranar Alhamis ita ce za ta nuna ko za a kai ga matakin. Ki roƙe shi ya zauna a matsayin shugabar ku gwada zaman sau ɗaya ko biyu a falo, ya yi miki tambayoyi masu zafi ki saba amsawa ba tare da muryarki ta tashi ba. In kin sami sarari a wannan daren, ki tambaye shi yadda ake yi masa magana a wurin nasa aikin. Bayan zaman Alhamis ki sake rubuto mini misalan da ta kawo, da kalmominta yadda ta faɗe su, mu duba su tare.